Yadda matuƙin jirgi zai yi idan inji ya kawo matsala, daga sama har zuwa hannun injiniya

Wata Asabar bayan isha'i muna zaune wajen mai shayi a Agege, wani ƙanena da bai daɗe da gama kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya ba ya jawo benci kusa da ni. Ya samu aiki nan Ikeja, yana zaman kujerar dama, wato mataimakin matuƙi. Ya ce, "Kyaftin, ranka ya daɗe, a simuleta an sha kashe mini inji ina sauka lafiya. Wanda ba a koya mini sosai ba shi ne injin da bai mutu ba kuma ba shi da lafiya. Allurar awon inji ta ɗan motsa, kujera ta ɗan yi rawa, shi ke nan. Me zan yi? In mun sauka kuma me zan ce wa injiniya?"

Ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Injin da ya kama da wuta ba ya barin kowa cikin shakka, ƙararrawa ce da jar fitila. Mai ciwon ɓoye shi ne abin tsoro, domin yakan ba ka lokacin da za ka ruɗi kanka. Amsar da na ba shi ce nake faɗaɗawa a nan. Abu ɗaya tun da fari: littafin jirginka da na kamfaninka su ne gaba da maganata. Duk inda muka saɓa, bi su.

Tun kana ƙasa

Aikin yana farawa daga kundin lafiyar jirgi, wanda muke kira teklog. Yawancin yara shafin ƙarshe suke buɗewa, su ga sa hannun injiniya, su rufe. Koma baya kamar shafi biyar ko goma. Abin da kake nema shi ne ƙorafin da yake maimaita kansa: jiya an rubuta girgiza a inji na ɗaya, an duba ba a ga komai ba, shekaranjiya ma haka. Duba kuma yawan baƙin man da ake ƙara wa kowane inji. In ɗaya ya soma sha fiye da ɗan'uwansa, ka riƙe wannan a ranka har ka sauka.

Sai gyare-gyaren da aka jinkirta. Kowane jirgi yana da littafin MEL, wanda ya fayyace abin da za a iya tashi da shi a lalace, da sharuɗɗansa, da wa'adinsa. Rukunin B kwana 3 ne, C kwana 10, D kwana 120, shi kuwa A wa'adinsa a rubuce yake a jikin abin. Karanta sharuɗɗan da idonka. Wani lokaci abubuwa biyu kowannensu ya halatta shi kaɗai, amma haɗuwarsu a jirgi ɗaya, da hadarin damina a gabanka, ba ta kwanta maka ba. Kyaftin yana da ikon cewa bai karɓi jirgin ba. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Wajen zagayen jirgi, tsaya a bakin inji da tocila ko da rana ce. Bi ruwan fankar ɗaya bayan ɗaya, kana neman lanƙwasa ko ɓantarewa, da jini ko gashin tsuntsu. Filin Murtala Muhammed ciyawa ta kewaye shi, tsuntsaye kuwa ba su da wuyar gani, balle da damina bayan an yi yanka. Duƙa ka kalli ƙarƙashin murfin injin ko akwai ɗigon mai, ka tabbata sakatun murfin a kulle suke, sannan ka leƙa ta baya ko akwai ɓurɓushin ƙarfe. In ka ga abu, kira injiniya ya zo ku gani tare a wurin. Bayani daga nesa ba ya kai nuni da yatsa.

Lokacin tayar da inji, idonka kan allurar N2, mai nuna gudun juyawar cikin injin, da ta zafin hayaƙi, wato EGT. A injin CFM56 na Boeing 737 iyakar zafin tayarwa a ƙasa digiri 725 ce. In ka ga allurar tana gudu za ta tsallake, yanke mai, kada ka jira ta kai. In kuma injin ya tsaya a tsakiya ya ƙi kai wa gudunsa, shi ma yanke. Injiniyan da ke tsaye gaban hancin jirgi da abin magana a kunne yana ganin abin da ba ka gani, hayaƙi ko harshen wuta ta baya. Saurare shi.

A kan titin tashi

Shawarar nan an riga an yanke ta tun kafin a saki birki, shi ya sa ake faɗinta da baki a bayanin tashi. A tsarin Boeing, ƙasa da gudun not 80 (not shi ne ma'aunin gudun jirgi) kusan kowace matsala tana sa a tsaya. Daga 80 zuwa V1, wato gudun da in an wuce shi ba a fasa tashi, ba a tsayawa sai don gobara, ko mutuwar inji, ko gargaɗin juyin iska, ko jirgin ya zama ba zai iya tashi ba. V1 ta wuce, tashi za a yi. Titin 18R na Legas mita 3,900 ne, tsawonsa yakan sa mutum ya ji kamar akwai sauran fili. Kada tsawon ya yaudare ka. Jirgi mai inji biyu an ƙera shi ne yadda zai tashi da ɗaya daga V1, lissafin tsayawa kuwa ba a yi shi don bayan V1 ba.

Inji ya mutu ko ya kama da wuta a sama

Na farko, tuƙa jirgin. Hanci zai karkata wajen injin da ya mutu, taka feda ka miƙe shi, riƙe gudun V2, wato gudun hawa lafiya da inji ɗaya, a ɗage tayoyi. Mutum ɗaya ne yake tuƙi, kuma kowa ya san wane ne. A mafi yawan kamfanoni ba a taɓa komai na inji sai an kai tsayin ƙafa 400. Waɗannan daƙiƙoƙi suna da tsawo ƙwarai idan ƙararrawa tana kuka, amma sauri ya haifi nawa.

Na biyu, ku gane wane inji ne, ku biyun. A nan nake son ka tsaya ka yi tunani, domin mutane sun mutu a wannan gaɓa da inji mai lafiya a jikin jirginsu. Ranar 8 ga Janairun 1989, wani Boeing 737-400 na British Midland ya tashi daga Landan zuwa Belfas. Ruwan fanka ya karye a injin hagu, girgiza da ƙaurin hayaƙi suka cika jirgin, matuƙan suka kashe na dama. Girgizar ta lafa na ɗan lokaci, suka ɗauka sun dace. Dab da sauka na hagun ya ƙarasa, jirgin ya faɗi a Kegworth ta Ingila, mutum 47 suka rasu. Fasinjoji da ma'aikatan ciki sun ga wuta a injin hagu, an kuma ji kyaftin ya ce na dama, amma saƙon bai isa ɗakin tuƙi ba. A 2015 an sake irin wannan a Taiwan da jirgin TransAsia samfurin ATR 72.

Don haka ƙa'ida ita ce: ɗayanku ya ɗora hannu kan totur, ya faɗi lambar injin, ɗayan ya duba allon, ya ce ya tabbatar, sannan a ja. Haka za a yi wa makunnin mai, haka za a yi wa mariƙin gobara kafin a fasa kwalbar kashe wuta. Totur in an ja za a iya mayarwa. Makunnin mai da mariƙin gobara kuwa, gyara kuskurensu yana cin lokacin da wataƙila ba ku da shi.

Akwai maganar da ta shafe mu 'yan Arewa musamman. An tarbiyyantar da mu kada yaro ya katse babba, kada ya ce masa ya yi kuskure a gaban ido. Tarbiyya ce mai kyau a zaure. A ɗakin tuƙi, in ka ga hannun kyaftin yana nufar injin da ba shi ba, ka ce "tsaya" da ƙarfi, ko da sa'an mahaifinka ne. Ni kafin kowane tashi nakan gaya wa na kujerar dama, "Ƙanena, in ka ga abu ka faɗa, in ban ji ba ka maimaita." Kyaftin ne ya kamata ya buɗe wannan ƙofa, domin yaro ba zai iya buɗe ta da kansa ba cikin sauƙi. Kuma ko da ku biyun Hausawa ne kuna hira da Hausa a tafiya, kiran matakai da kalmomin littafi ake yin sa, kalma da kalma.

Bayan matakan da aka haddace, a ɗauko littafin gaggawa, QRH, ko a bi abin da allon gargaɗi na ECAM ya jero idan Airbus ne. A karanta har ƙarshe, har da bayanan ƙasa da ake yawan tsallakewa.

Mai ciwon ɓoye

Yanzu ga tambayar ƙanena. Kuna tsayin ƙafa 33,000 tsakanin Legas da Kano, komai lafiya, sai allura ɗaya ta bambanta. Kwatanta ta da ta ɗaya injin, sannan ka duba 'yan'uwanta. In allura ɗaya ce kaɗai ta yi tsalle, sauran ba su motsa ba, jikinka bai ji komai ba, mai yiwuwa na'urar awon ce. In girgiza ta hau, zafin hayaƙi ya hau, ko ƙarfin baƙin mai ya sauka zafinsa ya tashi, to injin ne da kansa. Amma ko ka zaci na'urar awo ce, ka ɗauke ta a matsayin gaskiya har sai an tabbatar. Kira shugaban ma'aikatan ciki ka tambaya: kun ji ƙara, kun ji wari, kun ga wani abu ta taga, a wane gefe?

Rubuta lokacin da abin ya fara, da tsayi, da gudu, da karatun allurai duka na injinan biyu. Sake rubutawa bayan minti biyar. Rubutu biyu su ne suke nuna maka inda abin ya dosa. Sai ka buɗe littafin gaggawa ko da kana ganin abin bai kai ba. A 737 akwai shafi na musamman idan ma'aunin girgiza ya haura 4.

Daga nan sai tambaya mai nauyi: mu ci gaba ko mu sauka? Mu da muke zaune Agege ba ma bukatar misali daga ƙasar waje. Ranar Lahadi 3 ga Yunin 2012, jirgin Dana samfurin MD-83 da ya taso daga Abuja ya faɗi a Iju-Ishaga, maƙwabtanmu. Mutum 153 da ke ciki duka suka rasu, da wasu a ƙasa. Binciken hukumar binciken haɗurran jiragen sama, AIB, wadda yanzu ta zama NSIB, ya nuna inji na ɗaya ya rasa ƙarfi minti 17 bayan tashi, na biyu kuma ya ƙi amsa totur sa'ad da suke shirin sauka Legas. Cikin dalilan da ta jero akwai rashin amfani da jerin matakan gaggawa, da rashin fahimtar girman matsalar, da rashin sauka a fili mafi kusa da ya dace. Minti 17 daga Abuja, Abujar tana bayansu, Ilori da Akure da Ibadan suna kan hanya ko kusa da ita. Allah ya jiƙansu. Har yau in na bi ta unguwar nan sai gabana ya faɗi.

Idan jirgi mai inji biyu ya koma kan ɗaya, ko ɗayan ya daina amsawa, sauka za a yi a fili mafi kusa da ya dace. Ka san abin da zai zo maka a rai: motata tana Ikeja, injiniyoyinmu da kayan gyara suna Ikeja, fasinjoji za su yi fushi, hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, za ta yi tambayoyi. Duk waɗannan gaskiya ne, kuma duk ana warware su da takarda da haƙuri.

Da wa za ka yi magana, kuma yaya

Mai kula da zirga-zirgar jirage na NAMA, hukumar sararin samaniya, shi ne na farko. In akwai haɗari ga rai, kamar gobara ko mutuwar inji a tashi, ka ce Mayday sau uku. In gaggawa ce da ba ta kai nan ba, Pan Pan sau uku. Faɗi sunan jirgi, abin da ya faru, abin da kake nufin yi. Lambar gaggawa a rada 7700 ce. Zai tambaye ka yawan rayuka da yawan mai, amma in hannunku a cike yake ka ce ya dakata. Kada ka ji nauyin kiran Mayday, ana iya sauke shi daga baya in abin ya lafa. Ka nemi izinin saukowa ƙasa da tsayin da kake, domin inji ɗaya ba zai riƙe ka a can sama ba.

Ma'aikatan ciki abu huɗu suke bukata: mene ne, me za mu yi, minti nawa ya rage, akwai shiri na musamman ko babu. Su maimaita maka. Fasinjoji kuma jimla uku cikin natsuwa sun isa.

Sashen kula da gyara na kamfani yana zuwa bayan waɗannan, ta rediyon kamfani ko rubutaccen saƙo ta na'urar ACARS, in lokaci ya bari. Ba su lambobi, kada ka ba su labari. Tambaye su abin da kai ba ka da shi: tarihin injin, aikin da aka yi masa kwanan nan, ko an taɓa ganin wannan. Amma ka sani su suna ganin abin da ka gaya musu ne kaɗai. A watan Agustan 2001, matuƙan Airbus A330 na Air Transat daga Toronto zuwa Lisbon sun ga zafin baƙin mai ya yi ƙasa, ƙarfinsa ya yi sama a injin dama. Suka kira sashen gyara, ba a gano dalili ba. Ashe man jirgi ne yake tsiyaya daga bututun da ya goge da wani bututu, sakamakon kayan da bai dace ba da aka ɗaura lokacin canjin inji. Da tankunan suka bambanta, suka buɗe mahaɗar mai, man ɓangare mai lafiya ya bi ta wurin yoyon. Injinan biyu suka mutu, suka lallaɓa jirgin ba inji har wani tsibirin Azores a tekun Atlantika, kowa ya tsira. Saboda haka kafin ka daidaita tankuna, lissafa: man da ka ƙona da wanda ya rage sun kai abin da ka taso da shi? Shawara tana iya zuwa daga ƙasa, hukunci kuwa na kyaftin ne.

Wajen sauka, 737 ba ya iya zubar da mai don rage nauyi. In gobara ce ko injin da ya rage abin shakka ne, sauka da nauyin da ya wuce iyaka, a duba jirgin daga baya. Nemi 'yan kwana-kwana su tsaya, su duba injin da zafin birki kafin ka matsa.

Rubutun teklog

Nan ne matuƙa da yawa suke sakin jiki, alhali nan ne ake gyara jirgin gobe. Na sha ganin an rubuta abin da ma'anarsa ita ce "inji na biyu yana girgiza", shi ke nan. Injiniya zai zo da dare, ya tayar da injin a ƙasa, ba zai ji komai ba, domin girgizar a sama take zuwa, a wani gudu na musamman. Zai rubuta ya gwada bai ga matsala ba, kuma bai yi ƙarya ba. Kai ne ba ka ba shi bakin zaren ba.

Rubutu mai amfani da Turanci ake yin sa, amma ga ma'anarsa: lokacin hawa, tsayin ƙafa 24,000, N1, wato gudun fanka, kashi 92, girgizar inji na biyu ta tashi daga 1 zuwa 3.5 na minti huɗu, an ji ta a feda da kujera, zafin hayaƙi da baƙin mai ba su canza ba, an rage totur zuwa kashi 85 ta koma 1.2, ba a kunna kariyar ƙanƙara ba, ba a ga tsuntsu ba. Wanda ya karanta wannan ya san inda zai fara.

Rubuta abin da ka gani, ka ji, ka shaƙa, da abin da ka yi da yadda injin ya amsa. Kada ka rubuta hasashenka. In ka ce na'urar awo ce ta lalace, ka tura mutum wata hanya, ya canza na'urar, ciwon yana nan. Matsala ɗaya, gurbi ɗaya. In wata allura ta tsallake iyaka, faɗi lambar da ta kai da daƙiƙoƙin da ta yi, ko da hannunka ne ya jawo, domin littafin gyara da waɗannan lambobi biyu yake yanke ko dubawa za a yi ko cire injin. In al'amarin babba ne, a cire wa na'urar naɗar murya wuta kamar yadda tsarin kamfani ya ce, kada sabuwar magana ta shafe tsohuwa. Rahoton dole da ake kai wa hukuma kuma yana da wa'adin awa 72.

Abin da na fi ƙi a sana'ar nan shi ne faɗa da baki kawai. Matuƙi ya sauko, ya ja injiniya gefe, ya ce, "Oga, ɗan duba mini na ɗayan nan, ban rubuta ba kada a tsayar da jirgin." Ka ɗora masa kayan da ba nasa ba. Canjin aiki zai zo, shi ya tafi gida, wanda ya karɓe shi bai ji ba, kyaftin ɗin safe ya buɗe kundi ya ga fari tas. Rubuta tukuna, sannan ka nemi injiniyan ku yi magana ido da ido. Minti biyar a gindin matakala, kana kwaikwayon ƙarar da bakinka, kana nuna masa hoton allon da abokin tuƙinka ya ɗauka, sun fi shafi guda. In abin ya dawo bayan an sa hannu, sake rubutawa, ka ambaci lambar shafin baya, domin maimaituwa ce take sa a ɗauki ƙorafi zuwa mataki na gaba. Kada kuma ka tsaya a kansa kana duba agogo. Sa hannunsa lasisinsa ne, kamar yadda naka yake.

Wata shekara da damina na dawo Legas da yamma. A tashinmu na ji wani ɗan dum, kamar an rufe ƙofar mota daga nesa, sai ɗan ƙauri na daƙiƙa kaɗan. Allurai ba su nuna komai ba har muka sauka. Na rubuta shi yadda ya faru, da tsayin da lokacin. Akwai sauran zango ɗaya a daren, fasinjoji suna jira, waya tana ta ƙara daga ofis. Wani dattijon injiniya mutumin Katsina, da ya girme ni nesa, ya karanta, ya cire tabarau ya ce, "Kyaftin, ƙaurin kamar na me?" Na ce, "Baba, kamar an babbake kaza." Bai ƙara tambaya ba, ya aika a kawo kyamarar leƙe. A bakin fankar babu abin da ido zai kama sai ɗan jirwaye a can ciki. Ya zura siririyar wayar ta ramin dubawa, yaronsa yana juya injin a hankali, ruwan kwamfureso, mai matse iska a cikin injin, suna wucewa a ɗan allon ɗaya bayan ɗaya. Can ya ɗaga hannu a tsaya. Ya kira ni, ya sa farcensa kan allon: gefen ruwa ɗaya ya yage, na kusa da shi ya lanƙwashe. Ya buɗe littafin gyara ya auna, ya rubuta jirgin ba zai tashi ba, ya miƙo mini biro in sa hannu a gefen nasa.